Ƙananan jirage kusa da manyan filayen jirgin sama: yadda ƙa'idojin tafiya suka sake daga 1967 zuwa 2025

0. Gabatarwa

A kewayen kowane babban filin jirgin sama, jirage iri biyu ne ke gamuwa. Akwai manyan jiragen fasinja, masu sauri, waɗanda ke tashi da sauka bisa umurnin jami'an da ke lura da zirga-zirgar sama, watau waɗanda za mu riƙa kira masu ba da hanya. Akwai kuma ƙananan jirage masu ɗaukar mutum biyu ko huɗu, na matuƙa masu zaman kansu da na makarantun koyon tuƙi, waɗanda mafi yawan lokaci da ido suke tafiya, babu wanda ke tsara masu hanya. Tambayar da hukumomin sufurin sama suka daɗe suna fama da ita ita ce: yaya za a yi waɗannan jirage su yi tarayya a sarari guda, ba tare da sun yi karo ba, ba tare kuma da an kori ƙananan daga sama baki ɗaya ba?

A cikin wannan ƙasida za mu bi tarihin amsar da aka bayar a Amurka, domin nan ne ƙananan jirage suka fi yawa a duniya, kuma nan ne aka fara jarraba da dama daga cikin ƙa'idojin da wasu ƙasashe suka ɗauka daga baya. Za mu kawo misali ɗaya daga Faransa don kwatantawa. Abin da muke son nunawa shi ne, duk sauye-sauyen nan alƙibla guda suka fuskanta. A da, abin da ake nema ga matuƙin ƙaramin jirgi shi ne ya gani ya kauce. Sannu a hankali aka ɗora masa nauyi na biyu: ya tabbata ana ganin sa. Tun da ma'aikatan sama da ƙafa suke auna tsawo, za mu riƙa ba da adadin ƙafa tare da kwatankwacinsa a metir.

1. Hanyoyin tuƙi biyu da iyakar ido

Dokar sufurin sama ta raba tuƙi gida biyu. Na farko shi ne tuƙi da ido, wanda ake taƙaitawa da haruffan VFR: matuƙi na duban ƙasa da sarari ta tagar jirginsa, shi ne kuma ke da alhakin kauce wa sauran jirage. Na biyu shi ne tuƙi da na'urori, ko IFR: matuƙi na bin hanyar da aka ba shi, ko da a cikin gajimare ne, kuma masu ba da hanya ne ke raba shi da sauran jiragen da ke tafiya irin tasa. Kusan dukan jiragen fasinja a rukuni na biyu suke, mafi yawan matuƙa masu zaman kansu kuwa a na farko.

Ƙa'idar gani da kaucewa ta wadatar a zamanin da jirage ba su da yawa kuma ba su da sauri. Da jiragen jet suka shigo aikin jigila a ƙarshen shekarun 1950, sai lissafin ya sake. Mu ɗauki misali. Jirgin fasinja mai gangarowa da gudun kilometir 460 a awa ya fuskanci ƙaramin jirgi mai gudun kilometir 200. Tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da kilometir 660 a awa, watau kimanin metir 180 a kowane sakan. Hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, ta ƙiyasta cewa matuƙi na buƙatar kamar sakan 12 da rabi kafin ya hango jirgi, ya gane cewa karo za su yi, ya yanke shawara, jirginsa kuma ya amsa juyin da ya yi masa. A cikin wannan ɗan lokaci jiragen biyu sun cinye fiye da kilometir biyu. Ƙaramin jirgi kuwa, daga nisan kilometir biyu, ɗigo ne kawai, musamman in gine-ginen gari ne ke bayansa.

Akwai wata matsala kuma da ta shafi halittar ido. Ido ya fi saurin kama abin da ke motsi. To amma in jirage biyu na tafiya kai tsaye a kan hanyar da za ta kai su ga karo, kowanne zai ga ɗan uwansa a wuri guda cikin gilashi, ba ya matsawa dama ko hagu, sai dai ya yi ta girma a hankali, sannan a sakan na ƙarshe ya cika taga. Ke nan jirgin da ya fi haɗari shi ne ya fi wuyar gani. Ƙari a kan haka, fiffike da hancin jirgi da ginshiƙan taga duk suna rufe wani sashe na sarari: mai fiffike a ƙasa ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa, mai fiffike a sama ba ya ganin abin da ke bisansa.

2. Matakin farko: rage gudu da neman izini (1967-1980)

A shekarar 1967 an yi karo biyu tsakanin jirgin fasinja da ƙaramin jirgi. Cikin watan Maris, a jihar Ohayo, jirgin DC-9 ya yi karo da wani Beechcraft, mutum 26 suka mutu. Cikin watan Yuli, a jihar Karolina ta Arewa, Boeing 727 ya yi karo da Cessna 310, mutum 82 suka mutu. A wannan shekarar ce aka hana kowane jirgi wuce gudun kilometir 460 a awa muddin yana ƙasa da ƙafa 10,000 (metir 3,050). Dalilin a fili yake: in an rage gudu, an ƙara wa ido lokaci. Wannan iyaka na aiki har yanzu, kuma ta shiga ƙa'idojin ƙasashen duniya.

Rage gudun bai isa ba. Ran 9 ga Satumba 1969, wani DC-9 mai shirin sauka a Indiyanafolis ya yi karo da Piper Cherokee wanda wani ɗalibin tuƙi ke ciki shi kaɗai, mutum 83 suka mutu. Masu bincike suka ɗora laifin a kan tsarin kansa, wanda ya bar jiragen ido da jiragen na'urori suna cakuɗa a bakin babban fili ba tare da hanyar raba su ba. Daga nan aka ƙirƙiro yankin da babu jirgin da zai shiga sai da izini. An kafa na farko a Atalanta cikin 1970, sauran manyan birane suka biyo baya.

Siffar wannan yanki na buƙatar bayani, domin ita ce tushen duk abin da zai biyo. Mu ƙaddara an ɗora kwanoni uku, ƙarami a ƙasa, matsakaici a bisansa, babba a can sama. Ƙaramin na zaune a kan filin jirgin, daga ƙasa yake farawa. Na biyu ya fi shi faɗi amma sai an ɗan hau sama yake farawa, na uku ma haka. An yi wannan ne saboda manyan jirage a hankali suke gangarowa: suna nesa suna sama, suna kusa suna ƙasa. Sararin da ya rage a ƙarƙashin bakin manyan kwanonin an bar wa ƙananan jirage da ƙananan filayensu, su yi ta kai da kawowa ba sai sun nemi izini ba.

Ba kowane gari ne ya samu irin wannan yanki ba. San Diyego ba ta da shi ran 25 ga Satumba 1978, lokacin da Boeing 727 na kamfanin PSA ya afka wa Cessna 172 daga baya, a samaniyar wata unguwa. Mutum 144 suka mutu, bakwai daga cikinsu a ƙasa. Abin lura a nan shi ne, jiragen biyu duk suna magana da masu ba da hanya. An sanar da matuƙan babban jirgin cewa akwai ƙaramin a gabansu, suka ce sun gan shi, aka bar masu alhakin kauce masa da ido. Daga baya ya ɓace masu, ba su kuma faɗi haka a sarari ba. An kafa yankin izini a San Diyego cikin 1980.

3. Mataki na biyu: na'urar da ke sa a ga jirgi (1986-1993)

Radar iri biyu ce. Ta farko na aika igiyar radiyo ta bugi jikin jirgi ta dawo. Tana nuna inda jirgi yake, ba ta faɗin ko wane ne, ko tsawon da yake. Ta biyu tambaya take aikawa, wata na'ura a cikin jirgin ta amsa. Wannan na'urar amsawa, wadda a Faransanci ake kira transpondeur, na aika lamba mai alƙaluma huɗu da matuƙi ke sakawa. Lambobin da ake iya haɗawa 4,096 ne. In an haɗa ta da ma'aunin tsawo, abin da ake kira Mode C, sai ta riƙa aika tsawon jirgin ma, mataki-mataki na ƙafa 100. Bambancin ba ƙarami ba ne. In babu tsawo, mai ba da hanya zai ga ɗigo kusa da hanyar jirgin fasinja, amma ba zai san ko a cikin yankinsa yake ko a ƙarƙashinsa ba.

Haka ta faru ran Lahadi 31 ga Agusta 1986 a samaniyar garin Seritos, kusa da Los Anjeles. Wani matuƙi mai zaman kansa ya taso da matarsa da ɗiyarsa a cikin Piper, ya hau ya shiga yankin izini ba tare da ya nema ba. Na'urar amsawarsa ba ta aika tsawo. A daidai lokacin hankalin mai ba da hanya na kan wani ƙaramin jirgi na daban wanda shi ma ya kutsa cikin yankin. A tsawon kimanin ƙafa 6,500 (metir 2,000) Piper ɗin ya yi karo da DC-9 na kamfanin Aeroméxico. Mutum 82 suka mutu: 64 a babban jirgi, 3 a ƙarami, 15 a gidajensu.

Sauyi biyu suka fito daga wannan haɗari. Na farko ya shafi ƙananan jirage kai tsaye: daga 1 ga Yuli 1989, duk jirgin da ke tafiya a cikin kewayen kilometir 55 na babban fili mai yankin izini, daga ƙasa har ƙafa 10,000, dole ya kasance da na'urar amsawa mai aika tsawo, ko da ba shi da niyyar shiga yankin. Shawarar da hukuma ta fara gabatarwa ta fi haka faɗi, amma ƙungiyoyin matuƙa suka yi ƙorafi a kan kuɗin na'urar, aka rage. An kuma yi sassauci ga jiragen da aka ƙera babu lantarki da balan-balan da jirage marasa inji.

Na biyu ya shafi manyan jirage. A ƙarshen 1987 majalisar dokoki ta wajabta wa jiragen fasinja masu kujeru fiye da 30 na'urar gargaɗin karo, TCAS, aka kammala sakawa a ƙarshen 1993. Ita wannan na'ura tambayar na'urorin amsawa na jiragen kewaye take yi, ta lissafa lokacin da ya rage kafin a gamu, sannan in haɗari ya matso, tsakanin sakan 15 da 35 kafin karo, ta umurci matuƙi ya hau ko ya sauka. Sai dai ba ta ganin jirgin da ba shi da na'urar amsawa ko wanda ya kashe ta, kuma ba ta ba da umurni game da jirgin da ba ya aika tsawo. Saboda haka sauye-sauyen biyu ba sa rabuwa: kariyar fasinja ɗari ta dogara ga ƙaramin akwatin da ke cikin jirgin mutum guda.

Faransa ta ga wannan ran 30 ga Yuli 1998. Wani jirgin fasinja Beech 1900 da ya taso daga Liyon zuwa Loriyan ya bar tuƙi da na'urori ya koma tuƙi da ido, ya sauko zuwa ƙafa 2,000 (metir 600) a mashigin tekun Kiberon don fasinjoji su ga babban jirgin ruwan nan Norway. Nan ya yi karo da Cessna 177 wanda na'urar amsawarsa ke kashe. Mutum 15 suka mutu.

4. Azuzuwan sararin sama

Har zuwa ƙarshen shekarun 1980 kowace ƙasa da nata sunayen yankuna. A 1990 Ƙungiyar Sufurin Sama ta Duniya, OACI, wadda yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta haifar kuma cibiyarta ke Monreyal, ta raba sararin sama aji bakwai, daga A zuwa G. Amurka ta koma kan wannan tsari ran 16 ga Satumba 1993, ba ta dai amfani da ajin F. Ga abin da azuzuwan ke nufi ga matuƙi mai zaman kansa a can:

Aji A: tuƙi da ido haramun ne, sai da na'urori.

Aji B: tsohon yankin izini na filaye mafi cinkoso. Sai mai ba da hanya ya furta izinin shiga a fili. Amsa kiran radiyo kawai ba izini ba ne. Ɗalibin tuƙi ba ya shiga shi kaɗai sai da sa hannun malaminsa, akwai ma filayen da aka hana ɗalibai sauka gaba ɗaya.

Aji C: filaye matsakaita masu radar. Ana buƙatar na'urar amsawa mai aika tsawo, da kuma a kafa magana ta radiyo kafin shiga.

Aji D: filaye masu hasumiya. Kafa magana ta radiyo ne sharaɗi.

Aji E da G: ana tafiya da ido ba tare da neman izini ba.

Haruffan iri ɗaya ne a ko'ina, amma kowace ƙasa ce ke zaɓar inda za ta sa kowanne. Faransa ta sa ajin A a wani babban sashe na sararin da ke kewaye da Pari, watau ta rufe shi ga masu tuƙi da ido, suna wucewa ta ƙarƙashi ko ta gefe. Amurka ta zaɓi ajin B, wanda ƙofarsa ke buɗe in mai ba da hanya na da sukuni. Lambar da mai tuƙi da ido ke sakawa a na'urar amsawa ma ta bambanta: 1200 a Amurka, 7000 a Turai. Lambobi uku kuwa na duniya ne duka: 7500 in an yi fashin jirgi, 7600 in radiyo ta mutu, 7700 in akwai gaggawa.

5. Mashigai da cinkoson gefe

Kowace katanga na tara mutane a bakin ƙofarta. Da aka killace manyan filaye, sai ƙananan jirage suka taru a ƙarƙashin bakin yankin da cikin ƴan mashigan da aka bar masu. A Los Anjeles akwai mashigi da ke ratsawa ta kan babban filin kansa: masu nufar kudu maso gabas a ƙafa 3,500, masu nufar arewa maso yamma a ƙafa 4,500, gudu kada ya wuce kilometir 260 a awa, kowa na sanar da inda yake ta radiyo. Hikimar ita ce, kai tsaye bisa filin ne manyan jirage suka fi ƙasa, domin ko dai yanzu suka tashi ko suna gab da taɓa ƙasa.

A birnin Niyok, mashigin shi ne kogin Hudson. Ran 8 ga Agusta 2009 wani Piper da ya taso daga filin Teterboro ya yi karo da jirgi mai saukar ungulu ɗauke da ƴan yawon buɗe ido, mutum 9 suka mutu. Babu jirgin fasinja a cikin wannan haɗari; ƙanana ne biyu da aka matse a siririn wuri. Ran 19 ga Nuwamba na shekarar aka mayar da abin da a da shawara ce ya zama doka. Aka daidaita rufin mashigin a ƙafa 1,300 (metir 400). Masu wucewa su bi tsakanin ƙafa 1,000 da 1,300, masu shawagi a wurin su tsaya ƙasa da 1,000. Masu nufar kudu su bi gaɓar yamma, masu nufar arewa su bi gaɓar gabas. A kunna fitilu, a riƙe taswirar yankin, a kuma sanar da kai a wuraren da aka ƙayyade. A taƙaice, an yi wa kogin ƙa'idojin hanyar mota.

6. Mataki na uku: jirgi na faɗin inda yake

Daga 1 ga Janairu 2020, duk inda a da ake buƙatar na'urar amsawa mai aika tsawo, an ƙara wajabta na'urar ADS-B. Ita ba ta jiran tambayar radar: tana ɗaukar matsayin jirgi daga tauraron ɗan adam, ta riƙa watsa shi kowane sakan tare da tsawo da gudu da sunan jirgin. An fitar da dokar tun 2010 don masu jirage su samu shekara goma na shiri, hukuma kuma ta ba wasu masu ƙananan jirage tallafin dala 500. A wannan karon matuƙi mai zaman kansa ya samu riba ta kai tsaye, domin da ƙaramar na'urar karɓa shi ma yana iya ganin jiragen kewaye a allonsa.

Duk da haka matsalar ba ta ƙare ba. Ran 29 ga Janairu 2025, da dare, jirgin fasinja mai sauka a filin Reagan na Washinton ya yi karo da jirgi mai saukar ungulu na soja a kan kogin Potomak, mutum 67 suka mutu. Hanyar masu saukar ungulun, wadda rufinta ƙafa 200 ne (metir 60), na ratsawa ta ƙarƙashin hanyar sauka. Jirgin sojan ba ya watsa ADS-B, kuma an bar wa matuƙansa alhakin kaucewa da ido, kamar yadda aka yi a San Diyego shekara 46 kafin nan. A watan Maris 2025 hukuma ta rufe wannan sashe na hanyar.

7. Kammalawa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A bakin babban filin jirgi abin da tarihi ya nuna shi ne gani kaɗai ba ya isa, sai an haɗa shi da ji ta radiyo, da izini, da na'urar da ke shaida wa wasu inda kake. Kowane mataki ya ci wa matuƙi mai zaman kansa kuɗi da wani ɓangare na ƴancinsa, kuma kusan kowanne bayan an yi asarar rayuka aka ɗauke shi. Amma ƙa'idar gani da kaucewa ba a soke ta ba; tana nan a matsayin kariya ta ƙarshe.

Wannan bayani ya shafe mu ta fuska biyu. Azuzuwan OACI su ne hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959 kuma Nijar ke cikinta, ke aiki da su, su ne kuma ake koya wa masu ba da hanya a makarantar EAMAC ta Yamai. Na biyu, ƙa'idar duniya ta tanadi cewa a yankin da ake lura da shi, ƙasa da ƙafa 10,000, mai tuƙi da ido na buƙatar hangen kilometir 5. Filayenmu ba su da cinkoson Los Anjeles, amma hazon hunturu kan rage hange ƙasa da wannan iyaka kwana da kwanaki. Lissafin da muka yi a sashe na farko, na sakan 12 da rabi da kilometir biyu, bai dogara ga yawan jirage ba: jirgi biyu sun isa. Saboda haka ɗalibin tuƙi da ɗalibin ba da hanya duk suna da amfanin sanin dalilin da ya haifi kowace ƙa'ida, ba haruffanta kawai ba.